Na jefa ƙuri'ar a cire jarrabawar fita sakandare, yanzu zuciyata ta rabu biyu

Gwaggon Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma san a cikinmu akwai malaman makaranta da iyayen da suka fi ni sanin kan karatun Amurka. Ku taimaka mini da shawara.

Shekarata ashirin da uku a jihar Masacusets. A nan, tun daga ɗaliban da suka fita a 2003 har zuwa 2024, yaro ba ya karɓar takardar kammala sakandare, wadda suke kira difloma, sai ya ci jarrabawar jiha mai suna MCAS. A aji na 10 ake fara zana ta, Turanci da lissafi, daga baya aka ƙara kimiyya. Ko da yaro ya ci duk darussansa na shekara huɗu, in bai haye wannan ba, wata takarda daban ake miƙa masa. Ranar 5 ga Nuwamba 2024 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan cire wannan sharaɗi. Ƙungiyar malaman jihar ta tsaya kai da fata sai an cire, gwamna Maura Healey kuwa ta ce a bar shi. Kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a cire. Ina cikinsu, kuma ranar ko gezau ban yi ba.

Dalilina ɗan yayana ne, Allah ya jiƙan mahaifinsa. Ya zo hannuna a 2016 yana da shekara goma sha shida, duk karatunsa na baya da Faransanci ya yi shi. Lissafi zama ɗaya ya cinye, har malaminsa ya kira ni a waya yana yaba shi. Kimiyya a zama na biyu. Turanci ne ya tsaya masa a wuya. A lokacinsu maki 220 ne mafi ƙarancin abin da ake nema. Ya samu 212, ya sake ya samu 216, sannan 218 har sau biyu. Maki biyu tak. Ba zan manta da shi ba a kan teburin kicin bayan sallar asuba, da ƙamusunsa da bangon ya yage ya manne shi da salatef, yana bin wata tsohuwar waƙar Turawa kalma bayan kalma yana rubuta ma'anar a gefe da fensir. Yaron da zai yi maka bayanin abin da likita ya faɗa a asibiti, ya cike mini takardun inshora, amma dogon insha'i a kan adabi ya gagare shi a cikin shekara uku.

Ranar bikin yaye su a 2019 ya sa riga da hula kamar kowa, aka kira sunansa, na tashi na yi guɗa. Sai da muka shiga mota ya buɗe abin da aka ba shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gwaggo, ba irin tasu ba ce." Bai ƙara cewa uffan ba har muka isa gida. An gaya mana ƙofa a buɗe take, ko bayan ya bar makaranta yana iya dawowa ya sake zanawa. Sau ɗaya ya yi niyya, ranar ta faɗo kan aikinsa, daga nan ya yanke ƙauna. Ya so ya koyi aikin wayarin, fam ɗin ya nemi difloma. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya ma sai mai difloma ko madadinta. Yau yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani rumbun ajiya, kuma shi ke koya wa sababbin ma'aikata aiki, da Turancin nan da aka ce bai iya ba.

To ga abin da ya dagula mini lissafi. Autata a nan aka haife ta, yanzu tana aji na 11. Ajinsu ne na farko da ya zana MCAS ɗin aji na 10 bayan an cire sharaɗin. Ranar da ta dawo na tambaye ta yaya jarrabawa, ta ɗaga kafaɗa ta ce ai ba ta hana kowa komai, wasu ma cike gurabe kawai suka yi suka kifa kai. Kwanan baya muna zaune na miƙa mata wani rasit na dala 80, na ce ta fitar mini da kashi 15 cikin ɗari. Ta kai hannu ga waya, na ce a'a, da ka. Ta yi shiru, ta ƙirga da yatsu, ta ce 15. Katin sakamakonta kuwa B ne a lissafi. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Wannan yarinya za ta karɓi takardar da aka hana ɗan'uwanta, alhali shi da ka yake yin irin wannan lissafin tun kafin in rufe baki.

Shin adalci ne a hana yaro shaidar shekara huɗu saboda jarrabawa ɗaya? In kuma ba adalci ba ne, me zai tabbatar mini takardar da 'yata za ta karɓa tana da wani nauyi? Don Allah wanda ya san abin daga ciki ya yi mini bayani, ba na son a lallashe ni.

Malam Mai Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan yayanki, ya saka miki da alherin riƙon maraya. Tunda kin ce kada a lallashe ki, zan faɗa miki yadda na gani. Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a sakandaren gwamnati a Teksas, kuma ina cikin masu ganin kuskure kuka yi.

Tun 2013 jarrabawa biyar yaranmu ke ci kafin su fita: Aljebra ta ɗaya, Turanci na ɗaya da na biyu, ilimin halittu, da tarihin Amurka. Da farko goma sha biyar majalisar jiha ta tsara, iyaye suka yi ca, aka rage. Na yarda goma sha biyar ta yi yawa. Amma a ce babu ko ɗaya, wannan ban yarda ba, kuma dalilina shi ne na san abin da ke faruwa a ofishin shugaban makaranta a watan Mayu.

Ana auna makaranta da yawan yaran da ta yaye. Don haka duk yaron da ya faɗi darasina a ajin ƙarshe, ni ake kira, ba shi ba. Akwai shekarar da wani yaro bai shigo ajina fiye da kwana talatin ba a zango guda. Na ba shi abin da ya samu. Aka zaunar da shi gaban kwamfuta a wani darasin cike giɓi, cikin mako ɗaya ya "ci" abin da ni nake koyarwa a wata tara. Ban isa in hana ba. Abu ɗaya da babu wanda ya isa ya taɓa a ginin nan shi ne makin jarrabawar jiha, domin ba mu muke duba ta ba.

Kada ki ɗauka mugunta ce take sa malamai ɗaga maki. Tausayi ne, kuma ni ma ina da shi. A Niyok, lokacin da malamai ke duba takardun Regents, wato jarrabawar sakandare ta jihar, na ɗaliban makarantarsu, 65 ne makin ci. Wasu masana, ciki har da Thomas Dee da Brian Jacob, suka bi diddigin sakamakon suka ga yara sun taru cunkus a kan 65, ƙasa da shi kaɗan kuwa wayam. Sun ƙiyasta kusan kashi 40 cikin ɗari na makin da ya faɗo dab da layin an tura shi sama. Da aka hana malamai duba takardun makarantarsu, abin ya ɓace. A birnin Washinton kuma, binciken da aka fitar a farkon 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka yaye a 2017 an ba su takarda ne ta hanyar karya ƙa'idar fashin makaranta ko ta darussa. Wannan shi ne B ɗin 'yarki, Hajiya. Malamin da ya ba ta yana ganinta kullum, ya san tana da ladabi, tana kawo aikin gida, zuciyarsa ba za ta bari ya rubuta D ba.

Matsalar ma tsohuwa ce. Akwai shari'ar da aka sani da Peter W., wani saurayi a San Faransisko da ya kai hukumar makarantu ƙara domin an yaye shi alhali karatunsa bai wuce na ɗan aji biyar ba. A 1976 kotu ta yi watsi da ƙarar. Irin wannan ne ya sa jihohi suka fara kafa jarrabawar fita a shekarun 1970.

Kuma ki lura da wanda ke kwana ciki idan takarda ta zama fanko. Ɗan mai hali yana da malamin gida, yana da makin SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, yana da manyan darussan share fagen jami'a da zai nuna. Ɗan talaka wannan takardar ce kaɗai a hannunsa. In ta daina nufin komai, shi aka yi wa asara. Na kuma gani da idona, saboda tsoron jarrabawar Aljebra ne aka fara ba gogaggun malamai ajin yara masu rauni, aka buɗe darasin Asabar, aka samo kuɗin motar da za ta kai su gida. Kafin nan sabon malami ake jefa musu.

Ɗan yayanki an zalunce shi, ban musa ba. Amma gyara ake yi. Tun 2015 a Teksas, yaron da ya faɗi biyu ko ɗaya cikin biyar ɗin, ana kafa masa kwamiti da shugaban makaranta da malaminsa da mahaifinsa, su duba aikinsa, su ba shi wani aiki na musamman, in ya gamsar da su a yaye shi. Da irin wannan ya samu, da yau da takardarsa.

Ummi 'Yar Jami'a ta amsa:

Anti, sannu da ƙoƙari. Baba Malam, ku gafarce ni, zan ɗan saɓa muku, duk da kun fi ni sanin aji nesa ba kusa ba. Karatuna a kan tsare-tsaren ilimi ne, kuma wannan tambaya an daɗe ana auna ta.

Abu na farko, Anti, jarrabawar ba ta mutu ba. Dokar tarayya ta 2015 har yanzu tana tilasta wa kowace jiha ta gwada ɗaliban sakandare a Turanci da lissafi da kimiyya, shi ya sa ƙanwata, wato autarki, ta zana MCAS. Dokar ba ta taɓa cewa a hana yaro takarda ba, jihohi ne suka ɗora wannan da kansu. Saboda haka abin da kika jefa wa ƙuri'a shi ne wa zai ɗauki hukunci idan sakamako ya yi muni. A tsohon tsari, makaranta ta kasa koyarwa, malami ya ci gaba da karɓar albashi, shugaba yana kujerarsa, sai yaro ɗan shekara goma sha takwas ya tafi gida hannu rabbana. An bar jaki ana dukan taiki.

Da ma a ce dukan yana sa karatu ya ƙaru, da sai mu ce magani ne mai ɗaci. To a 2011 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta tattara nazarce-nazarcen da aka yi, ta kammala cewa jarrabawar fita, yadda jihohi ke gudanar da ita, tana rage yawan masu samun takarda da kusan yara biyu cikin kowane ɗari, ba tare da ta ɗaga ilimin ɗalibai ba. A Kalifoniya, Sean Reardon na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun duba tasu jarrabawar a 2009. Ba su ga ƙarin ilimi ba, sun ga raguwar masu kammalawa a cikin yara masu rauni, kuma abin ya fi faɗa wa 'yan mata da yaran da ba farar fata ba, ko da ƙoƙarinsu na baya daidai yake da na sauran. Wannan ne ya sa jihohin da ke da sharaɗin suka ragu daga sama da rabin hamsin zuwa ƙasa da goma. Niyok ma, da Regents ɗinta da ta samo asali tun shekarun 1860, ta sanar da shirin daina ɗaura takarda a kanta daga shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028.

A jiharki, lissafin da aka yi ta ambata lokacin ƙuri'ar shi ne kimanin ɗalibai 700 a shekara, wajen ɗaya cikin ɗari, su ne ke cika komai sai MCAS kaɗai ta hana su. Mafi yawansu masu koyon Turanci ne da masu buƙata ta musamman. Masu goyon bayan jarrabawar suna cewa ai kaɗan ne. Ni kuma ina cewa, in kashi 99 suna wucewa, to ba ta tace kowa ba sai waɗanda tun farko aka san za ta kama. Jim Cummins, masanin koyon harshe, ya nuna cewa yaro na iya kama Turancin hira cikin kamar shekara biyu, amma Turancin littafi yana ɗaukar biyar zuwa bakwai. Ɗan'uwana, wato ɗan yayanki, shekara uku aka ba shi. Ba a auna ƙwaƙwalwarsa ba, ranar zuwansa ƙasar aka auna.

Kotu ma ta taɓa faɗin makamancin haka. A shari'ar Debra P. a Fulorida, alƙali ya hana jihar riƙe takardun yara a 1979, domin ɗalibai baƙar fata da suka fi faɗuwa sun fara karatunsu ne a makarantun wariya. A 1981 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sai jiha ta tabbatar abin da take tambaya an koyar da shi a aji. Sai a 1983 aka bar Fulorida ta fara aiki da sharaɗin.

Akwai wani bincike da ya ba ni mamaki, kuma gaskiya bai goyi bayan kowa a cikinmu ɗari bisa ɗari ba. Damon Clark da Paco Martorell sun ɗauki ɗaliban Teksas da suka zana jarrabawar damar ƙarshe, suka kwatanta waɗanda suka haye da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, suka bi abin da suke samu a wurin aiki shekaru bayan nan. Kusan babu bambanci. Wato takardar da jarrabawa ke gadi ba ta ƙara wa mai ita daraja a idon masu ɗaukar aiki yadda ake zato ba. Inda take cizo shi ne ƙofofin da ke neman ta a rubuce, irin fam ɗin da ya tare ɗan'uwana.

Game da ƙanwata: kashi cikin ɗari darasin aji na 6 da na 7 ne. Jarrabawar aji na 10 ba za ta koya mata shi ba, iyakarta ta sanar da ke bayan shekara huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun aji na 3 take zana MCAS, sakamakon yana zuwa gida, a nan ya kamata wani ya tsaya.

Inda na yarda da Baba Malam shi ne an cire ba a tanadi madadi ba. Masacusets ba ta da jerin darussan da dole kowace gunduma ta bi, jerin da jihar ta fitar mai suna MassCore shawara ce kawai. Shi ya sa gwamna ta kafa majalisa a farkon 2025 don ta fito da sabon ma'auni. Wannan giɓin gaskiya ne, kuma damuwarki a kansa daidai ce.

Ki ce wa ɗan'uwana ya tuntuɓi ofishin makarantun gundumar da ya gama. Bayan canjin dokar, tsofaffin ɗaliban da MCAS kaɗai ta tare suna iya neman a duba darussan da suka ci.

Direban Dare ya amsa:

Gwaggo, ni abin a kaina ya faru, shi ya sa na kasa wucewa. A Kalifoniya na yi sakandare, ajin 2008. Tamu sunanta CAHSEE, 350 ake nema a kowane ɓangare. Turanci na wuce, lissafi ya kayar da ni har na daina ƙirgawa. Shekarar da ya kamata in koyi Aljebra malamai uku muka yi, duk na riƙon ƙwarya. Ɗaya fim yake kunna mana. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba, ni ma na yi wasa. Amma babu wanda aka tambaya a cikinsu, ni kaɗai aka tambaya.

A 2015 gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ta dakatar da jarrabawar, ta kuma ce duk wanda ita kaɗai ta hana a ba shi takardarsa. A 2016 na je na cike fam, bayan 'yan makonni ta iso ta gidan waya. Ina da shekara ashirin da shida. Na zauna a cikin mota na buɗe ambulan, na ga sunana, sai hawaye. Daga baya kuma sai haushi ya taso mini, domin ni ɗin nan ne dai na 2008, ban ƙaru da komai ba tsakanin jiya da yau, sa hannun mutum ɗaya ne ya canza. Shekara takwas ina amsa "a'a" a kan kowane fam.

Amma zan faɗi ɗaya gefen, don kada in ci amanar Malam. Da na shiga kwalejin shekara biyu da takardar, gwajin farko ya mayar da ni ajin lissafi na share fage. Ashe jarrabawar ba ƙarya ta yi mini ba, ban iya ba ɗin. A can na koya, da daddare bayan na ajiye mota, wurin wata dattijuwa da ta zauna da ni har na gane dalilin da ya sa ake juya kashi idan za a raba. Wata huɗu kacal ya ɗauke ni. Wata huɗun nan ne babu wanda ya ba ni a sakandare, kuma rashin takardar ne ya hana ni isa inda zan same su da wuri.

Ki gaya wa ɗan'uwana kada ya ji kunyar komawa neman tasa. Kada kuma ya bari sai ya huce, ba a hucewa.

Malam Mai Alli ya sake amsawa:

Ummi, Allah ya ƙara basira, na karɓi maganar jaki da taiki. Direba, labarinka ya taɓa ni, domin na san irin ajin da kake faɗa, na gaji irinsa sau biyu.

Abu ɗaya dai nake riƙe da shi. Kin ce jarrabawar tana nan, ana iya auna makaranta da ita. To Hajiya ta gaya mana yadda yaran suka zana ta: cike gurabe, kifa kai. Da wane sakamako za ki kama makarantar, bayan yaran ba su yi da gaske ba? Shugaban zai ce miki ai ba su mai da hankali ba ne, kuma ba ki da bakin musa masa.

Yawancin binciken da kika kawo a kan jarrabawar mafi ƙarancin iyawa ne, mai layi ɗaya, ko ka haye ko ka faɗa. Akwai wata hanya. A Faransa, bakaloriya, wato jarrabawarsu ta kammala sakandare, tana nan tun 1808, kuma bayan gyaran da suka yi, kashi 40 na sakamako daga aikin aji yake fitowa, 60 daga jarrabawar ƙarshe. Ƙarfinka a wani darasi yana ɗaukar rauninka a wani. Da a haka aka auna ɗan yayan Hajiya, lissafinsa ya isa ya cike maki biyun nan har da saura. Kuma da a haka za a auna autarta, B ɗin malami ba zai tsaya shi kaɗai ba, sai an ga abin da ta yi a takardar da baƙo ya duba.

Gwaggon Yara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta sau uku.

Malam, na so ƙwarai a ce abin da kuka kawo na ƙarshe shi aka tambaye mu a takardar ƙuri'a. Ba shi aka tambaye mu ba. "E" ko "a'a" aka ba mu, kuma ko gobe aka sake ba ni wannan zaɓin, fuskar yaron nan a cikin mota ba za ta bar ni in ce a bar sharaɗin ba. Sai dai na daina ganin cewa da na jefa ƙuri'a na sauke nauyi.

Ummi, maganarki ta aji na 3 ta sa na tashi na buɗe akwatin da nake tara takardun makaranta. Sakamakon autata na aji na 6 da na 7 suna nan, an rubuta ƙarara cewa ba ta cika abin da ake nema a lissafi ba. Na tuna lokacin na kai wa malamarta, ta ce kada in damu, yarinyar tana ƙoƙari a aji, ni kuma na yi murna na ninke takardar. Na nemi ganawa da malamin lissafinta na yanzu ranar Alhamis, zan tafi da takardun biyu da rasit ɗin dala 80.

Jiya da daddare na kira ɗan yayana na karanta masa abin da Direba ya rubuta. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce, "Gwaggo, in suka ba ni yanzu, wace shekara za su rubuta a kai?" Na ce mu je mu ji daga bakinsu. Ya ce ranar Litinin ba shi da aikin safe. Na kuma roƙe shi ya riƙa zuwa ranar Lahadi yana zama da ƙanwarsa a kan lissafi, ya ce sai dai in ta yarda ta ajiye wayar a ɗaki.

Wanda ya taɓa neman tsohuwar takarda irin wannan a Masacusets, me da me ake tafiya da shi ofishin? Muna da sakamakon darussansa na shekara uku da takardar da aka ba shi a 2019.